Tambayoyi da amsoshi kan biyan kuɗin karanta jarida a intanet

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa a majalisarmu ta bayan Isha'i a Kubwa, da a ofis, da wajen ƙannenmu masu rubuta kundin kammala karatu a Gwagwalada. Kusan kullum abu ɗaya ne ke jawo su: mutum ya ga kanun labari, ya danna, ya karanta layi uku, sai wani allo ya rufe sauran, a ce sai ya biya. Na yi shekaru ina biyan wasu jaridu, na kuma daina biyan wasu, shi ya sa na tattara abin da na sani wuri guda. Abin nan da ke tare mai karatu, shinge zan riƙa kiransa.

Mene ne wannan abin da ke rufe labari bayan na karanta layi uku?

Shinge ne da jaridar ta kafa da gangan. Wayarka lafiya lau take, sabis kuma bai ɗauke ba. Jaridar ta bar maka kanu da farkon labarin don ka ɗanɗana, sauran kuma ta keɓe wa waɗanda suka yi rajista suna biya duk wata ko duk shekara, kamar yadda ake biyan DStv ko StarTimes. Idan ka biya, sai ka shiga da imel ɗinka da kalmar sirri, shingen ya buɗe.

Akwai wani mai kama da shi wanda ba kuɗi yake nema ba, imel kawai zai ce ka bayar. Wannan matakin farko ne. Suna so su san wane ne kai da irin abin da kake karantawa, don nan gaba su san yadda za su tallata maka rajistar biya.

Shingayen duk iri ɗaya ne?

A'a. Akwai mai tsauri, wanda ba ya barin ka karanta komai sai ka biya. Jaridar The Times ta Landan ta kafa irinsa a 2010, ita kuwa Wall Street Journal tun kafin shekarar 2000 take karɓar kuɗi a shafinta. Akwai mai ƙidaya, wanda zai ba ka wasu labarai kyauta kowane wata, in ka cinye rabonka ya rufe. Financial Times ta fara shi a 2007, amma New York Times ce ta sa ya yi suna a watan Maris na 2011. Da labari 20 a wata ta fara, a 2012 ta rage zuwa 10, a ƙarshen 2017 ta mayar da shi 5.

Sai kuma mai raba kaya gida biyu: labaran yau da kullum a buɗe, bincike da sharhi mai zurfi a kulle. Irinsa News24 ta Afirka ta Kudu ta ɗauka a 2020. Manyan jaridu da yawa yanzu sun bar wa na'ura aikin, ita ke lura da sau nawa kake zuwa da inda ka fito, sannan ta yanke lokacin da za ta tare ka. Shi ya sa za ka tura wa abokinka labari ya buɗe masa, kai kuwa a wayarka a kulle yake.

Jaridar Guardian ta Birtaniya ta bi wata hanya dabam. Ba ta tilasta wa kowa biyan kuɗin wata kafin ya karanta shafinta, roƙon gudunmawa take yi a ƙarshen kowane labari. Amma ita akwai wata amintacciyar gidauniya da ke bayanta, abin da yawancin jaridu ba su da shi.

Da ai kyauta muke karantawa. Me ya canza?

Kuɗin talla ne ya canza gida. A zamanin takarda, kuɗin da kake miƙa wa mai jarida ba shi ne ke riƙe kamfanin ba. Talla ce ke riƙe shi: shafin banki, shafin kamfanin waya, sanarwar kwangila daga ma'aikatu, taya murnar sarauta, ta'aziyya, da ƙananan sanarwar sauya suna. Da jaridu suka shigo intanet, sai suka zuba labaransu kyauta da tunanin talla za ta biyo su. Ta biyo, amma kaso mafi tsoka Google da Facebook suka kwashe, domin su ne suka san shekarun mai kallo da garinsu da abin da ya nema jiya. Mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse ba ya bukatar jarida yau, Instagram da WhatsApp sun ishe shi.

A Najeriya kuma akwai ƙarin nauyi. Kamfanin takardar jarida na Oku Iboku a jihar Akwa Ibom ya daina aiki tun shekarun 1990, don haka daga waje ake shigo da takarda, da dala. Ga dizal, ga cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ɓangaren takarda da a da yake ciyar da ɓangaren intanet, yanzu shi kansa neman mai ciyar da shi yake. Ba a manta da jaridar NEXT ta Dele Olojede ba, wadda ta yi fice wajen bincike amma ta daina fitowa a 2011 saboda kuɗin tafiyar da ita ya yanke.

Ai na sayi data. Me ya sa zan sake biya?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, kuma na fahimci zafinta, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Amma kuɗin datarka aljihun MTN ko Airtel ko Glo ya shiga. Ko sisi bai kai ga wakilin da ya kwana a harabar kotu ba. Data kuɗin mota ne zuwa kasuwa, in ka isa kuma kayan da ke rumfa da nasu farashin.

To tunda babu takarda, babu tawada, babu motar rabawa, ai ya kamata ya yi arha sosai?

Ya kamata ya fi na takarda arha, kuma a mafi yawan wurare ya fi. Amma abin da ya fi cin kuɗi a jarida mutane ne. Ka ɗauki labari ɗaya na bincike kan wata makarantar firamare da aka ware wa kuɗi ba a gina ba. Wakili zai yi tafiya, ya kwana a masauki, ya nemo takardun kasafi, ya koma sau biyu ko uku. Edita zai tace, lauya zai duba kada a maka su a kotu, in kuma aka maka su duk da haka, shari'ar na iya shekaru. Labarin da ka karanta cikin minti biyar yana iya cin wata biyu da albashin mutum uku. Sai kuɗin riƙe shafin, da masu gyara shi, da kare shi daga masu kutse.

Mai kwafe labarin wasu ya liƙa a shafinsa ba ya kashe ko ɗaya daga cikin wannan. Shi ya sa nasa kyauta ne.

Akwai jaridun Najeriya da ke karɓar kuɗi kuwa?

Akwai, amma yawanci a hankali suke takawa. BusinessDay tana kulle wani ɓangare na labaranta, kuma ba abin mamaki ba ne jaridar kasuwanci ta riga saura, domin mai karanta ta neman kuɗi yake da abin da ya karanta, sau da yawa ma ofishinsa ne ke biya. Daily Trust da ke Utako, da wasu manyan jaridu, suna sayar da kwafin jaridar ranar ta intanet, shafi bayan shafi kamar yadda aka buga ta, alhali labaran shafinsu na yau da kullum suna buɗe. Premium Times, wadda aka kafa a nan Abuja a 2011, roƙon tallafin masu karatu take yi a ƙarshen labaranta. Wasu kafafen bincike kuma tallafin gidauniyoyin waje ne ke ɗauke da su.

Tsarin kowace jarida yana sauyawa, don haka shafinta za ka duba don ganin farashin yau.

BBC Hausa da DW da RFI kyauta suke. Su wa ke biya musu?

Masu biyan haraji na ƙasashensu. BBC Hausa, da ta fara a 1957, kuɗin lasisin talabijin na mutanen Birtaniya da tallafin gwamnatinsu ne ke riƙe da ita. DW ta Jamus ce, RFI ta Faransa. Mu Hausawa mun tashi da rediyo a kunne, labari yana zuwa mana da asuba da azahar da dare ba mu biya komai ba sai batir, shi ya sa maganar sayen labari take mana baƙo fiye da yadda take wa wasu.

Amma abin da ya faru da Muryar Amurka ya isa darasi. A watan Maris na 2025 gwamnatin Trump ta ba da umarnin da ya dakatar da ma'aikatanta, sashen Hausa ya yi shiru, kuma babu wanda ya tambayi mai sauraro a Nyanya ko Maradi. Abin da ba kai ke biya ba, ba ka da ta cewa ranar da za a rufe shi. A gida ma, yawancin shirye-shiryen siyasa da muke ji a gidajen rediyo masu zaman kansu fili ne aka saya.

Sayen labari kuma ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, farashinta na cikin sunanta. Kakanninmu sun ciro kwabo sun saya, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura a zaure. Ko a lokacin gwamnati ce ke bayanta, amma an saba wa mai karatu cewa labari abu ne mai daraja da ake ba da wani abu a karɓa.

Yaya jaridu ke yanke farashi?

Ba lissafin abin da suka kashe a kan labari suke bi ba, lissafin abin da za ka iya jurewa suke bi. Da zarar an rubuta labari, mai karatu na dubu ɗaya da na miliyan ɗaya kusan babu bambancin kuɗi a wajen jaridar. Don haka kowane ƙarin mutum riba ne, ko da kaɗan ya biya. Abin da suke tsoro shi ne mutum ya shiga wata biyu ya fita. Saboda haka suke gwada farashi iri-iri a kan mutane dabam-dabam su ga wanda ya fi kama.

Manya kuma sun gano labari kaɗai ba ya riƙe mutum, sai suka haɗa shi da wasu kaya. A 2022 New York Times ta sayi shafin wasanni na The Athletic a kan dala miliyan 550, ta kuma sayi wasan kalmomin nan na Wordle, ta haɗa da sashen girke-girke, duk a rajista ɗaya. Masu biyanta sun haura miliyan 10. Sai dai kada wannan adadi ya ruɗe ka. Rahoton 2024 na Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford ya nuna a ƙasashe 20 masu arziki, kashi 17 cikin ɗari kacal ne suka biya kuɗin labari a intanet. A Norway ne ya kai kashi 40. Ko inda aljihu ke da nauyi, yawancin mutane ba sa biya.

Na ga an ce wata shida ko shekara a kan ɗan kuɗi kaɗan. Akwai wani abu a ƙasa?

Akwai, kuma a rubuce yake, sai dai da ƙananan haruffa. Farashin shiga ne. Ranar da wa'adin ya cika, za a ci gaba da cirar kuɗi daga katinka a kan cikakken farashi, wanda kan ninka na farko sau uku ko huɗu ko fiye, ba tare da an sake neman izininka ba. Ka lura kuma da inda aka rubuta "kowane mako huɗu". Ba ɗaya ba ne da kowane wata: sau 13 za a cire a shekara, ba 12 ba.

Ni kaina abin ya same ni. Na yi rajista da wata jaridar waje a kan rahusa, shekara ta zagayo na manta. Wata safiya ina layin mai a hanyar Zuba, na gama lissafin abin da zan sha da abin da zan tura wa uwargida na cefane, sai alat ya shigo. An cire kusan ninki huɗu na abin da na saba gani. Sai da na rage litar da zan saya. Da dare na zauna neman inda zan soke, babu maɓalli, sai an yi hira da wani ma'aikacinsu a rubuce. Ina ce masa zan daina, nan take ya ce za su mayar da ni tsohon farashi na wata shekarar. Ashe farashin da aka cire mini ba shi ne na ƙarshe ba, na wanda bai yi magana ba ne.

Tun daga ranar, duk rajistar da na yi sai na sa wa wayata tunatarwa mako guda kafin rahusar ta ƙare. Yadda ake sokewa yana cikin amsar da ke kusa da ƙarshe.

Me ya sa kuɗin jaridar waje ya yi mini tsalle alhali ba su ƙara farashi ba?

Naira ce ta motsa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Rajistar dala 10 a wata da ke cin kusan naira 4,600 ta koma neman 15,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Sai kuma ɗan abin da banki ke ɗorawa na canji.

Wasu jaridun waje suna nuna farashi mai sauƙi ga wanda ya shigo daga ƙasashe irin tamu, shi ya sa abin da ɗan'uwanka a Landan yake gani zai iya bambanta da naka. Wannan adalci ne a ganina, kuma ya kamata jaridunmu na gida su ɗauki darasi ta ɗaya ɓangaren: ɗan Najeriya da ke aiki a Ingila ko Kanada yana iya biyan abin da ya fi na malamin firamare a Karu.

Katina ya ƙi wucewa. Laifin wa ne?

In jaridar waje ce, mai yiwuwa katin naira ne. Daga 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya. A tsakiyar 2025 wasu sun sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. Ka tambayi bankinka ko an buɗe wa katinka sayayyar waje da ta intanet, domin a wasu bankunan sai ka kunna da kanka a manhajarsu. Masu asusun dala da katinsa ba su cika samun wannan matsalar ba.

In jaridar gida ce, yawanci ta Paystack ko Flutterwave ake biya, kuma akwai zaɓin tiransifa ko lambar USSD. Ni na fi son tiransifa, saboda ba ta barin katinka a hannunsu, babu kuma cirar kuɗi ba da saninka ba. Illarta ita ce dole ka tuna ka sabunta da kanka.

Ta cikin manhaja zan biya ko ta shafin jaridar?

Ta shafin. In ka biya ta cikin manhajar iPhone, Apple na ɗaukar har kashi 30 cikin ɗari a shekarar farko, 15 bayan haka. Google na ɗaukar kashi 15 a rajistar wata-wata. Wasu jaridun sukan ɗora wannan a kan farashin manhaja, waɗanda ba su ɗora ba kuma su ne ke asara. Bayan ka biya a shafin, kana iya shiga manhajar da imel ɗin nan.

Labari ɗaya kawai nake so. Me ya sa ba za su sayar mini da shi kaɗai ba?

An gwada. Wani kamfani mai suna Blendle ya fara sayar da labari ɗaiɗai a Holan a 2014, amma a 2019 ya watsar da tsarin a can ya koma kuɗin wata. Mutum ba ya son tsayawa lissafi a kan kowane kanu, jarida kuma tana son kuɗin da ta san zai shigo kowane wata don ta iya biyan albashi.

Duk da haka ina ganin a nan ƙasar zai iya tafiya, domin mu mutanen sayen ƙulli ne. Omo na ƙulli, madara ta leda, data ta kwana ɗaya. Kuma dama muna da irin wannan cinikin a jarida. Wanda ya san Area 1 a Garki da sassafe, inda dillalai ke ɗaukar kason jaridunsu, ya san teburan nan da ake jera jaridu a danne su da duwatsu saboda iska. Mutane na tsaye hannu a baya, suna karanta shafin farko kyauta, suna musun siyasa da ƙwallo. Wanda yake so ya buɗe ciki sai ya ba mai tebur ɗan canji, ya karanta a tsaye, ya ninke ya mayar. Akwai wani dattijo da na daɗe ina saye a wajensa kusa da sakatariya. Ranar nan na ce masa, "Baba, yau ma kayan na nan jibge?" Ya gyara dutsen da ke kan Aminiya ya ce, "Ɗana, ai yanzu kowa jaridarsa na aljihunsa. Masu tsayuwar ma sun ragu." Abin da bai sayar ba gobe zai mayar wa kamfani.

Jaridar da za ta fito da rajistar kwana ɗaya ko ta mako, a biya da USSD ko a cire daga katin waya, ita ce za ta gaji masu tsayuwar nan.

Kullum ana turo mana jaridun ranar kyauta a guruf ɗin WhatsApp. Akwai laifi?

Akwai. Mutum ɗaya ne ya biya, ya sauke kwafin, ya watsa wa dubbai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake kwafa a intanet, amma ko ba a kawo doka ba, haƙƙin mutane ne. Wakilai da yawa a ƙasar nan suna bin albashin watanni, kuma wakilin da ba a biya ba shi ne wanda ambulan ɗin ɗan siyasa ke samun ƙofar shiga wajensa. Muna zagin 'yan jarida da karɓar na goro, muna kuma toshe hanyar halal da za ta hana su karɓa.

Akwai hanyoyi masu tsabta. New York Times da Washington Post da Financial Times duk suna ba mai biya damar kyautar da wasu labarai kowane wata, ka tura wa wanda kake so ya buɗe masa. Jaridu da yawa na da rangwamen ɗalibai. Ofisoshi da jami'o'i kan yi rajistar gama-gari, don haka ɗalibi ya fara tambaya a laburaren makarantarsa. Ka kuma yi hattara da masu tallar "akawun mai arha" a Telegram. Sau da yawa na sata ne, kwana kaɗan a rufe shi, kuɗinka ya tafi.

Talaka fa? Shinge ba zai bar shi da jita-jita ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ba na ganin masu goyon bayan shinge sun amsa ta yadda ya kamata. Labarin da aka tantance yana kulle, saƙon murya na ƙarya kuma yana yawo kyauta daga waya zuwa waya. Mun ga yadda jita-jitar wanka da ruwan gishiri ta zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya lokacin Ebola a 2014. A garin da rikici ke iya tashi daga hoto ɗaya na bogi, kulle gaskiya ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa nake ganin shinge mai tsauri bai dace da jaridar Hausa ba. Labarin tsaro, annoba, ambaliya, zaɓe da farashin abinci ya kamata ya zauna a buɗe. Jaridun duniya da dama sun yi haka a 2020, suka cire shinge daga labaran korona. Tsarin da ya fi kama da halinmu shi ne na Daily Maverick ta Afirka ta Kudu, wadda tun 2018 take karɓar gudunmawar mambobi, labaran kuma suna buɗe ga kowa. Mai hali ya biya don marar hali ya karanta. Mun saba da wannan a wasu fannoni: mutum ɗaya ke haƙa rijiyar burtsatse, unguwa duka ta sha.

In na biya, jaridar za ta daina karkata?

Ba lallai ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jaridar da rabin kuɗinta daga tallar gwamnatocin jihohi yake za ta yi tunani sau biyu kafin ta taɓa gwamna. Kuɗin mai karatu yana rage wannan tsoron. Amma yana kawo nasa: jarida na iya fara gudun ɓata wa masu biyanta rai, ta riƙa ba su abin da suke so su ji. Mai kamfanin ma yana nan da nasa ra'ayin. A watan Oktoban 2024, da Washington Post, mallakar Jeff Bezos tun 2013, ta fasa bayyana ɗan takarar da take goyon baya a zaɓen Amurka, fiye da mutum 200,000 suka soke rajistarsu cikin 'yan kwanaki. Abin da biya ke ba ka ke nan, murya da ake jin ta a littafin kuɗi.

Kuɗin jarida ɗaya kawai nake da shi. Wacce zan zaɓa?

Ta gida, sai in aikinka ya tilasta maka ta waje. Labarin Gaza ko zaɓen Amurka za ka same shi kyauta a wurare goma. Amma wanda zai je ya zauna a zaman kwamitin majalisa, ko ya bi diddigin rusau a wata unguwa a Abuja, ko kuɗin fanshon da ya maƙale, in jaridar gida ba ta yi ba babu mai yi.

Kafin ka biya, ka yi mako biyu kana lura da kanka. Wace jarida ce kake komawa gare ta da kanka, ba wadda Facebook ke jefo maka ba? Tana da wakilai a inda abin ya faru, ko sanarwar manema labarai take juyawa? In ta yi kuskure tana gyarawa a fili? Sannan ka fara da wata ɗaya. Kuɗin shekara ya fi arha in an raba, kuma yana kare ka daga ƙarin farashi a tsakiya, amma sai ka tabbatar kana karantawa.

Yaya zan soke rajista, kuma za a mayar mini da kuɗina?

Inda ka biya, nan za ka soke. In ta Apple ko Google Play ce, a saitin wayarka za ka soke, goge manhajar ba ya tsayar da cirar kuɗi. In ta shafin jaridar ce, ka shiga akawun ɗinka ka nemi sashen biyan kuɗi. In suka ce sai an yi hira da ma'aikaci, ka yi, ka kuma sa ran za su yi maka tayin rahusa kamar yadda na faɗa a amsar farashin shiga. Karɓa ko ƙi ya rage naka. Ka adana saƙon imel da ke tabbatar da sokewar.

Yawanci ba sa mayar da kuɗin wa'adin da aka riga aka shiga, sai dai su bar ka ka karanta har ya ƙare. In an ci gaba da cira bayan ka soke, ka kai wa bankinka ƙorafi a rubuce tare da wannan imel ɗin, ka nemi a tsayar da cirar. In kamfanin na Najeriya ne kuma ya yi kunnen uwar shegu, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC tana karɓar ƙorafi, hedikwatarta kuma a nan Abuja take.

Na biya, an cire kuɗin, amma har yanzu shingen yana tare ni.

Kafin ka ɗaga hankalinka, duba abu biyu. Na farko, da wane imel ka yi rajistar? Da yawa daga cikinmu muna da biyu ko uku, mu biya da ɗaya mu shiga da wani. Na biyu, daga ina ka buɗe labarin? In daga cikin Facebook ko X ka danna, wani ɗan burauza na cikinsu ne ya buɗe shi, wanda bai san ka shiga akawun ɗinka ba. Kwafi adireshin labarin ka buɗe a Chrome ko Safari, ko a manhajar jaridar. In tiransifa ka yi, wani lokaci sai an tabbatar da shigar kuɗin kafin a buɗe maka, don haka ka tura musu rasit ɗin da lambar cinikin ta imel ɗin da ke shafinsu, ka rubuta ranar da lokacin da ka biya.